Ƙananan halittun da ke zaune a jikin ɗan Adam: tambayoyi da amsoshi

Mafi yawan mutane ba sa jin labarin bakteriya sai a bakin likita, kuma a lokacin da wani ba shi da lafiya, shi ya sa da an ambace su tunani yake tafiya ga cuta. Amma jikin mai cikakkiyar lafiya ma cike yake da su, tun daga fatar kai har zuwa tsakanin yatsun ƙafa, kuma mafi yawansu ba su taɓa kwantar da kowa ba. Amsoshin da ke ƙasa suna bayani ne a kan waɗannan halittu da muke kwana muke tashi da su, aikin da suke yi, da kuma yanayin da ke sa wanda ke zaune lafiya da mu jiya ya zama abin tsoro yau.

Waɗanne halittu ne ake nufi?

Kaso mafi girma bakteriya ne, wato halittu masu ƙwayar halitta ɗaya tak, waɗanda tsawon yawancinsu bai wuce kashi 1 ko 2 cikin 1,000 na milimita ba. Bayan su akwai rukunin da masana ke kira Archaea, wanda ya yi kama da bakteriya a madubin ƙara girma amma asalinsa daban ne, kuma fitaccen ɗan rukunin a hanjin mutum shi ne Methanobrevibacter smithii, mai samar da iskar mitan. Akwai dangin yis da naman gwari, irin su Candida da Malassezia. Akwai kuma bairos masu ɗimbin yawa, waɗanda akasarinsu ba mutum suke kamawa ba, bakteriyar da ke jikinsa suke kamawa, kuma ta haka suke rage wa wasu yawa. Har ma akwai wata mitsitsiyar halitta mai ƙafa takwas, Demodex, wadda tsawonta bai kai rabin milimita ba, tana zaune a ramukan gashin fuska da gashin ido na kusan kowane baligi ba tare da ya sani ba.

Yawansu ya kai nawa?

An daɗe ana cewa sun ninka ƙwayoyin halittar jikinmu sau 10, kuma har yanzu ana cin karo da wannan magana a rubuce-rubuce. Asalinta wani ƙiyasi ne na gaggawa da Thomas Luckey ya yi a 1972, aka yi ta maimaita shi shekara da shekaru ba tare da an sake lissafi ba. A 2016 Ron Milo da abokan aikinsa na Cibiyar Weizmann da ke Isra'ila suka zauna suka sake ƙirgawa, suka sami cewa namiji mai nauyin kilo 70 yana ɗauke da bakteriya kimanin tiriliyan 38, ƙwayoyin halittar jikinsa kuma kimanin tiriliyan 30. Ke nan kusan kunnen doki ne. Nauyinsu gaba ɗaya bai wuce giram 200 ba.

Inda suka yi mana fintinkau shi ne wajen ƙwayoyin gado. Mutum yana da kimanin 20,000 masu tsara furotin, alhali wani bincike da aka wallafa a 2010 a kan bayan gidan mutum 124 daga Turai ya tattara ƙwayoyin gado miliyan 3.3 na ƙananan halittun hanji, wato kimanin ninki 150. Wannan shi ne adadin da ya fi dacewa a riƙe, domin kowace ƙwayar gado tana nufin wani aiki ne da za a iya yi, kuma da yawa daga cikin ayyukan nan jikinmu ba ya iya yin su da kansa.

Yaushe aka gano su, kuma me ya sa sai a 'yan shekarun nan ake yawan maganarsu?

Wanda ya fara ganin su ɗan kasuwar yadi ne a garin Delft na ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, wanda yake haɗa madubin ƙara girma da hannunsa. A 1683 ya kankaro farar dauɗar da ke tsakanin haƙoransa, ya gauraya ta da ruwa, ya duba, ya ga ƙananan halittu suna ta kai-komo, sannan ya rubuta wa masanan Landan abin da ya gani. A 1885 likitan yara Theodor Escherich ya ware wata bakteriya daga kashin jarirai, wadda a yau ake kira da sunansa, Escherichia coli.

Daga nan ilimin ya yi tafiyar hawainiya, saboda hanyar da aka sani ta nazarin bakteriya ita ce a rene ta a faranti a ɗakin gwaji, alhali akasarin na hanji da zarar iskar oksijin ta taɓa su suke mutuwa. Abin da ya buɗe ƙofa shi ne fasahar karanta ƙwayoyin gado kai tsaye daga samfuri, ba sai an rene komai ba. A 2007 Cibiyoyin Kiwon Lafiya na Ƙasa na Amurka suka ƙaddamar da babban aikin tantance ƙananan halittun jikin ɗan Adam, kuma sakamakon da aka fitar a 2012, daga mutum 242 masu lafiya, ya nuna abu mai muhimmanci: mutum biyu lafiyayyu za su iya bambanta ƙwarai a nau'o'in da suke ɗauke da su, amma ayyukan da nau'o'in ke yi sun yi kama da juna sosai.

A waɗanne sassan jiki suke zaune?

Kowane sashe da irin mazaunansa, gwargwadon danshi, tsami, iska da abincin da ake samu a wurin.

A baki an gano nau'o'in bakteriya kimanin 700, ko da yake mutum ɗaya ba ya ɗauke da su duka. Na kan harshe daban, na jikin haƙori daban, na ƙarƙashin dasashi inda iska ba ta isa su ma daban. A tumbi ba su da yawa saboda ƙarfin asid. A ƙaramin hanji suna ƙaruwa sannu a hankali, sai a babban hanji abin ya kai maƙura, inda giram ɗaya na abin da ke ciki yake ɗauke da bakteriya kimanin biliyan 100. A nan ne kusan dukkan tiriliyoyin da aka ambata suke, kuma wani babban kaso na busasshen bayan gida gawarwakinsu ne da masu rai a cikinsu.

Fata ba wuri ɗaya ba ce. Inda ke da maiƙo, kamar goshi da gefen hanci da gadon baya, Cutibacterium acnes da Malassezia ne suka fi yawa, domin maiƙon shi ne abincinsu. Inda ke da danshi, kamar hamata da matsematsi da tsakanin yatsun ƙafa, dangin Corynebacterium da Staphylococcus ne ke da rinjaye. A farjin akasarin matan da ke shekarun haihuwa kuwa, dangin Lactobacillus ne suka mamaye, suna samar da asid da ke sa wurin ya kasance da tsami sosai (ƙasa da 4.5 a ma'aunin pH, inda ƙaramar lamba ke nufin yawan tsami), yanayin da yawancin masu kawo cuta ba sa iya jurewa. Likitan Jamus Albert Döderlein ne ya bayyana su tun a 1892.

Huhu da mafitsara, waɗanda a da ake ɗauka babu komai a cikinsu, an gano suna da 'yan kaɗan. Amma jini, ƙwaƙwalwa, ruwan laka, ɓargo da cikin gaɓoɓi wurare ne da bai kamata a sami bakteriya zaune a ciki ba, kuma idan aka same ta a can to alamar ciwo ce.

Daga ina jariri yake samun nasa?

Hujja mafi ƙarfi ta nuna cewa ɗan tayi yana zaune ne a mahaifa babu wata al'ummar bakteriya tare da shi, kuma wani babban bincike da aka yi a Kambirij a 2019 a kan mabiyiya sama da 500 bai sami mazauna na dindindin a cikinta ba. Haɗuwa ta farko tana faruwa ne a lokacin haihuwa, yayin da jariri yake shafo na farji da na hanjin mahaifiyarsa, sannan na fatarta da na duk wanda ya ɗauke shi. Wanda aka ciro ta tiyata yakan fara ne da nau'o'in fata da na muhallin asibiti, kuma bambancin yana raguwa sosai a cikin shekarar farko, musamman idan yana shan nono. Wannan ba dalili ba ne ko kaɗan na ƙin tiyata idan likita ya ce ita ce mafita, domin rai biyu ake ceta da ita.

Abin mamaki yana cikin nonon uwa. Ban da ruwa, bayan sukarin madara da kitse, abu na uku mafi yawa a cikinsa wasu sarƙaƙƙun sukari ne fiye da iri 100, waɗanda jaririn ba ya iya narkar da su sam. Uwa tana kashe ƙarfin jikinta wajen haɗa abincin da ba ɗanta ne zai ci ba, wata bakteriya ce mai suna Bifidobacterium infantis za ta ci, ita kuma ta hayayyafa ta cika hanjin, ta ƙara masa tsami, ta hana masu kawo gudawa samun wurin zama. Wannan na cikin dalilan da suka sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar shayar da nono zalla har wata 6. Da an fara ba yaro abinci nau'o'in suke ƙaruwa, kuma zuwa kimanin shekara 3 hanjinsa ya fara kama da na manya.

Rashin cikar wannan al'umma ne ya sa ba a ba jaririn da bai kai shekara 1 ba zuma. Tana iya ɗaukar irin Clostridium botulinum, wanda a hanjin babba ba ya samun damar tsira, amma a hanjin jariri yana iya tsira ya fitar da dafin da ke shanye jijiyoyi.

Wane aiki suke yi wa jiki?

Na farko narkar da abin da ya gagare mu. Harza, wato ɓangaren abincin tsirrai da ruwan narkar da abincinmu ba ya iya fasawa, tana wucewa har babban hanji, inda bakteriya ke ruɓar da ita su fitar da wasu ƙananan sinadaran kitse. Ɗaya daga cikinsu, butiret, shi ne babban makamashin ƙwayoyin halittar da ke shimfiɗe a bangon babban hanji. Suna kuma haɗa bitamin K da wasu daga cikin dangin bitamin B.

Na biyu horar da garkuwar jiki. Ɓerayen da ake renon su a ɗakin gwaji ba tare da ko bakteriya ɗaya a jikinsu ba suna rayuwa, amma garkuwarsu ba ta nuna yadda ya kamata, bangon hanjinsu bai cika ba, kuma cuta kaɗan take kayar da su. Garkuwar jiki tana koyon bambance abin da za ta yaƙa da abin da za ta ƙyale ne ta hanyar mu'amala da waɗannan mazauna tun daga ƙuruciya.

Na uku, wanda a ganina ya fi kowanne muhimmanci ga rayuwar yau da kullum, shi ne tare wuri. Gonar da amfani ya rufe ƙasarta ciyawa ba ta samun inda za ta fito, haka ma hanjin da mazaunansa suka cika shi, suka cinye abincin da ke ciki, suka kuma fitar da sinadaran da ke kashe baƙi. An auna ƙarfin wannan kariya tun a shekarun 1950 a Jami'ar Chicago: ɓeran da ke cikin halinsa na yau da kullum sai an ba shi ƙwayoyin Salmonella, bakteriya mai kawo ciwon hanji, kimanin 100,000 kafin ya kamu, amma wanda aka riga aka ba maganin streptomycin, aka share masa bakteriyar hanji, ƙasa da 10 sun isa su kama shi.

Idan masu amfani ne, me ya sa wasunsu ke kawo cuta?

Domin amfani ko cutarwa ba hali ne da ke manne da bakteriya ba. Abu uku ne ke yanke hukunci: inda take, yawan da ta kai, da kuma ƙarfin jikin mai ɗauke da ita.

Escherichia coli tana zaune a hanjin kusan kowa babu matsala, amma idan ta tsallaka ta shiga hanyar fitsari ita ce ke haddasa mafi yawan ciwon mafitsara, shi ya sa ake koya wa mata yin tsarki daga gaba zuwa baya. Kimanin mutum 3 cikin 10 suna ɗauke da Staphylococcus aureus a hancinsu lafiya lau, amma idan ta sami rauni a fata sai ta kawo maruru, idan ta kai jini kuma tana iya kisa. Kimanin mutum 1 cikin 10 yana ɗauke da bakteriyar sanƙarau a maƙogwaronsa ba tare da ya taɓa yin ciwon ba. Bacteroides fragilis tana taimakawa wajen narkar da abinci, amma idan hanji ya ɓule ta zuba cikin kogon ciki, sai ta tara mugunya.

Wani lokaci kuma ba wuri aka sauya ba, yawa ne ya wuce kima. Candida tana nan a baki da hanji da farjin mutane da yawa, a takure, amma idan maganin kashe bakteriya ya share abokan gogayyarta, ko ciwon suga ya yi tsanani, ko garkuwar jiki ta yi rauni, sai ta bazu ta kawo farin baki ko ƙaiƙayi da farin ruwa. Malassezia, wadda ke kan fatar kowa, ita ce ke da hannu a amosanin kai da ƙyasbi. Streptococcus mutans tana bakin mutane da yawa, amma yawan tsotsar kayan zaƙi ne ke ba ta damar fitar da asid ɗin da ke cinye haƙori.

Yaya batun bakteriyar gyambon ciki?

Helicobacter pylori ita ce misalin da ya fi wuyar yanke wa hukunci. Kusan rabin mutanen duniya suna ɗauke da ita a tumbinsu, yawanci tun suna yara, kuma akasarinsu ba za su taɓa jin komai ba. Likitoci biyu a birnin Perth na Ostareliya, Robin Warren da Barry Marshall, su ne suka nuna a farkon shekarun 1980 cewa ita ce ke haddasa yawancin gyambon ciki, a lokacin da ake ɗora laifin a kan damuwa da yaji. Da aka ƙi yarda da su, Marshall ya shanye ruwan da aka rene ta a ciki a 1984, tumbinsa ya kumbura cikin 'yan kwanaki. An ba su lambar yabo ta Nobel a 2005. Tun 1994 aka sanya ta a jerin abubuwan da ke haddasa ciwon daji, domin tana da hannu a yawancin kansar tumbi. Mai fama da ciwon ciki da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa ya kamata a gwada shi, idan an same ta a ba shi cikakken haɗin maganin da ke kawar da ita.

Su ne ke kawo warin jiki da warin baki da tusa?

Su ne. Gumin hamata ba shi da wari a lokacin da yake fitowa, sai bakteriya irin su Staphylococcus hominis da dangin Corynebacterium sun farfasa abin da ke cikinsa. Warin baki akasari daga can bayan harshe da ƙarƙashin dasashi yake tasowa, inda bakteriya ke fitar da iska mai sinadarin farar wuta. Iskar ciki kuwa alama ce cewa ana ruɓar da harza, kuma fitar da ita sau 10 zuwa 20 a yini ba ciwo ba ne.

Me maganin kashe bakteriya yake yi musu?

Magungunan antibayotik suna cikin mafi girman abubuwan da likitanci ya samu, kuma idan cutar bakteriya ta kama mutum babu abin da ya maye gurbinsu. Sai dai ba sa tantance mai laifi da marar laifi. A wani bincike da aka wallafa a 2018 an ba maza 12 masu lafiya a Denmark haɗin magunguna 3 masu ƙarfi na kwana 4 kacal. Hanjinsu ya koma kusa da yadda yake cikin wata ɗaya da rabi, amma bayan wata 6 akwai nau'o'i 9 da a da kowannensu ke da su waɗanda har lokacin ba a gan su ba a jikin akasarinsu.

Babban haɗarin shi ne Clostridioides difficile, wadda ke jure magunguna da yawa, ta jira har a share mata fili, sannan ta cika babban hanji ta fitar da dafi mai kawo gudawa mai tsanani. A Amurka kaɗai an ƙiyasta ta kama kusan mutum rabin miliyan a 2011, kuma kimanin 29,000 sun mutu cikin wata ɗaya da gano ta a jikinsu. Haɗari na biyu shi ne bijirewa magani, domin duk lokacin da aka sha, bakteriyar da ta tsira tana iya miƙa ƙwayoyin gadon juriya ga wasu. An ƙiyasta cewa a 2019 wannan matsala ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a duniya. Abin takaici shi ne yadda ake shan waɗannan magunguna saboda mura da yawancin ciwon maƙogwaro, waɗanda bairos ke kawowa, alhali maganin ba ya taɓa bairos ko kaɗan. Mai yin haka ya yi asarar mazauna hanjinsa, bai kuma rage wa murar ko kwana ɗaya ba.

Da gaske ne ana yi wa marar lafiya dashen bayan gidan wani?

Gaskiya ne, kuma a kan cuta ɗaya aikinsa ya tabbata ƙwarai. Likitan tiyata Ben Eiseman ya gwada shi a Denver a 1958 a kan mutum 4 masu mummunan ciwon hanji, suka warke. Gwajin da ya gamsar da duniya an yi shi ne a Amsterdam, aka wallafa a 2013, a kan masu fama da Clostridioides difficile mai yawan dawowa: 13 cikin 16 sun warke da dashe ɗaya, alhali 4 cikin 13 ne kawai suka warke da maganin vancomycin shi kaɗai, har aka dakatar da gwajin da wuri saboda bambancin ya yi yawa. A 2022 da 2023 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da magunguna biyu da aka sarrafa daga bayan gidan masu ba da gudummawa. Aiki ne na asibiti da ke buƙatar tsananin tantance mai bayarwa, domin a 2019 wani majinyaci ya mutu a Amurka bayan an dasa masa samfurin da ke ɗauke da bakteriya mai bijire wa magani. Ba abu ne da ake gwadawa a gida ba.

Shin abinci yana sauya su?

Yana sauya su, kuma cikin sauri. Wani gwaji da aka wallafa a 2014 ya nuna cewa idan mutum ya koma cin nama da ƙwai da cuku zalla, al'ummar hanjinsa tana fara juyawa cikin kwana ɗaya zuwa biyu, sannan ta koma yadda take bayan ya daina. Abin da ake ci shekara da shekaru shi ke barin tambari mai ɗorewa. A 2010 an kwatanta yaran wani ƙauye a Burkina Faso da yaran birnin Florence na Italiya, aka ga na ƙauyen, waɗanda abincinsu ke cike da harza, suna da dangin Prevotella masu fasa ta da yawa, sun kuma fi yawan nau'o'i. Mutanen Hadza na Tanzaniya, masu rayuwa da farauta da tsintar 'ya'yan itatuwa, suna cikin masu mafi yawan nau'o'i da aka taɓa aunawa, kuma nasu yana juyawa tsakanin rani da damina. Har ma an gano cewa wata bakteriyar hanjin wasu Japanawa ta karɓi ƙwayar gadon narkar da ciyawar teku daga wata bakteriyar teku.

Shawarar da ta tsaya da ƙafafunta mai sauƙi ce: hatsin da ba a cire masa dusa ba, dangin wake, ganyaye da 'ya'yan itatuwa iri-iri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya sami aƙalla giram 25 na harza a rana. Wanda bai saba ba ya ƙara a hankali, don kauce wa kumburin ciki.

Ya kamata mai lafiya ya riƙa shan ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ake sayarwa?

Tunanin ya samo asali ne daga Élie Metchnikoff na Cibiyar Pasteur da ke Faris, wanda a 1907 ya danganta tsawon ran manoman Bulgeriya da shan madara mai tsami. Tun daga lokacin kasuwa ta riga ilimi yin gaba. Akwai hujjar cewa wasu nau'o'i na musamman suna rage gudawar da ke biyo bayan shan antibayotik, amma amfanin wani nau'i ba ya nufin amfanin wani, kuma yawancinsu wucewa suke yi ba sa zama a hanji. Manyan gwaje-gwaje biyu da aka yi a Amurka da Kanada, aka wallafa a 2018, sun nuna ba su rage wa yara masu gudawa da amai tsawon ciwon ba. Yaron da ke gudawa ruwan gishiri da sukari da sinadarin zinc yake buƙata. Ga mai raunin garkuwar jiki da bakwaini kuwa, waɗannan ƙwayoyi suna iya shiga jini, don haka ba a ba su sai da umarnin likita.

Ke nan yawan tsafta yana da illa?

A nan ake yawan yin kuskuren fahimta, kuma kuskure ne mai haɗari. A 1989 David Strachan ya lura, daga bayanan yara kimanin 17,000 a Birtaniya, cewa masu yayye da yawa ba su cika fama da atishawa da ƙaiƙayin hanci na rashin jituwa ba. Daga baya an ga yaran da suka tashi kusa da dabbobin gona ba su cika yin asma ba. Abin da wannan ke nunawa shi ne amfanin cuɗanya da ƙananan halittun iyali, ƙasa da dabbobi tun ana ƙanana. Bai nuna cewa ƙazanta tana da amfani ba. Gudawa tana kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 sama da 400,000 a duniya kowace shekara, kuma wanke hannu da sabulu bayan bayan gida da kafin cin abinci, tsaftataccen ruwa da rigakafi su ne ke hana wannan.

Abin da ba a buƙata shi ne wuce gona da iri. A 2016 Amurka ta hana sanya triclosan da wasu sinadarai 18 masu kashe bakteriya a sabulun wanka da wanke hannu na gida, saboda ba a nuna sun fi sabulu na yau da kullum amfani ba. Wanke cikin farji da sabulu ko wasu sinadarai kuma yana kashe Lactobacillus, ya buɗe hanya ga ruwa mai ƙarni da sauran cututtuka. Wanke waje da ruwa ya wadatar.

Suna da hannu a ƙiba, tamowa ko ciwon damuwa?

A ɓeraye hujjar tana da ƙarfi. A 2013 ɗakin binciken Jeffrey Gordon da ke St. Louis ya ɗauki bakteriyar hanjin tagwaye mata, ɗaya mai ƙiba ɗaya siririya, ya zuba wa ɓerayen da ba su da nasu, sai waɗanda suka karɓi na mai ƙiba suka fi tara kitse. A mutane kuwa, gwaje-gwajen dashe don rage ƙiba ba su ba da sakamakon a-zo-a-gani ba. Inda aikin ya fi ba da fata shi ne tamowa: nazarin tagwaye a Malawi ya nuna hanjin yaro mai tamowa yana tsayawa bai nuna ba, kuma a Bangaladash wani abinci da aka tsara musamman don ciyar da bakteriyar da ta dace ya sa yara ƙara nauyi fiye da abincin taimako da aka saba bayarwa, kamar yadda aka wallafa a 2021.

Game da ƙwaƙwalwa, gaskiya ne hanji da ita suna aika wa juna saƙo ta jijiyoyi da jini, kuma kimanin kashi 90 cikin 100 na sinadarin serotonin, wanda a ƙwaƙwalwa ake danganta shi da yanayin zuciyar mutum, a hanji ake haɗa shi, amma wannan na hanjin ba ya tsallakawa cikin ƙwaƙwalwa. An ga bambancin bakteriya a masu ciwon damuwa, sai dai ciwon da kansa yana sauya cin abinci da barci da magungunan da ake sha, waɗanda duk ke sauya hanji. Kada wanda likita ya ɗora a kan magani ya ajiye shi saboda tallan wani haɗi da aka ce yana gyara hanji.

Akwai amfani a gwajin bakteriyar hanji ko a wankin ciki?

Kamfanoni suna karɓar samfurin bayan gida su aiko wa mutum da jerin sunaye da maki, amma tunda lafiyayyun mutane sun bambanta da juna ƙwarai, babu wani ma'auni ɗaya da za a ce shi ne daidai, kuma samfuri ɗaya yana iya ba da sakamako daban a kamfanoni daban. Wannan ba ɗaya ba ne da gwajin da likita ke nema don gano wata cuta takamaimai, wanda amfaninsa tabbatacce ne. Wankin ciki don fitar da datti kuwa babu hujjar da ke goyon bayansa. Hanji yana sabunta bangonsa da kansa duk bayan 'yan kwanaki, kuma yawan shan maganin zawo yana jawo bushewar jiki da rikicewar gishirin jini. Abin da ke buƙatar zuwa asibiti shi ne zawo mai ruwa sau 3 ko fiye a yini a lokacin shan antibayotik ko cikin makonnin da suka biyo baya, musamman idan ya zo da zazzaɓi, murɗar ciki mai tsanani ko jini, kuma a gaya wa likita sunan maganin da aka sha da ranar da aka fara shi.